Ɗingishi da Gurguntaka: Yadda Tsohon Doki Yake Murmurewa a Bargunan Kaduna ta Arewa

Garin Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da fada irin Zariya ko Katsina. Turawa ne suka kafa shi, suka dawo da hedikwatar Jihar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Amma duk da haka da wuya a sami garin da doki ya yi fice a cikinsa kamar nan. An kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna a 1918, aka fara gasar Kofin Jojiya a 1919. A filin sukuwa na arewacin kogi, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, aka yi babban hawan da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth a 1956, da na bikin mulkin kai na Arewa a 1959, da kuma na bikin al'adun baƙar fata a 1977. Saboda haka unguwannin da ke kewaye da filin nan sun daɗe da sanin barga da turke da masu kula da dawaki.

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne dokin da ba a kallo a irin waɗannan ranaku, watau wanda ya manyanta, ya daɗe yana ɗingishi, har mai shi ya fara shawarar rabuwa da shi. Za a duba kalmomin da Bahaushe yake bayyana halin dokin da su, sa'an nan a gwada su da abin da likitocin dabbobi suka gano. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa kalmar da aka zaɓa a bakin barga ita ce take yanke wa dokin hukunci tun kafin likita ya iso.

Kalmomi biyu

Hausa ta raba abu biyu waɗanda suke kama da juna a ido. Akwai ɗingishi, akwai gurguntaka. Ɗingishi suna ne da ya fito daga aikatau ɗingisa, inda s ta koma sh a gaban wasalin i, kamar yadda ake samu a fasa da fashi. Aiki ne da ake cikin yi, shi ya sa ake cewa "doki yana ɗingishi", kamar yadda ake cewa yana tari ko yana gumi. Gurgu kuwa suna ne da ake laƙaba wa mai abin, mace gurguwa, jam'i guragu, kuma ba a cewa "yana gurgu", sai dai "gurgu ne". Jimla ta fari tana ba da labarin yau. Ta biyu ta sa dokin cikin wani jinsi wanda ba a fita daga cikinsa.

Tsakanin biyun akwai aikatau gurgunce. Yana cikin aji na huɗu bisa ga rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, watau masu ƙarewa da -e, waɗanda sau da yawa suke ɗauke da ma'anar cikar abu har iyakarsa, kamar ƙone da cinye da shanye. In an ce doki ya gurgunce, to, an rufe magana. Abin lura a nan shi ne, harshen bai ajiye wa'adi ba. Babu adadin watannin da in ɗingishi ya kai su zai zama gurguntaka. Mai magana ne yake yanke wannan, kuma yakan yanke shi ne ranar da haƙurinsa ko aljihunsa ya ƙare, ba ranar da ƙafar dokin ta kai inda ba ta dawowa ba.

Haka kuma ta wajen samun lafiya akwai matakai. Ya ji sauƙi, ya murmure, ya warke. Sauƙi raguwar ciwo ne kawai. Murmurewa ita ce dawowar jiki da kuzari bayan doguwar jinya. Warkewa, wadda ita ma ta aji na huɗu ce, tana nufin ciwon ya tafi ƙaf. Galibin tsofaffin dawakin da ake magana a kansu a nan murmurewa suke yi, ba warkewa ba, kuma wanda ya gane wannan tun farko ba zai yi wa dokinsa gaggawa ba. Sai dai kalmar sauƙi tana da wata illa. Ladabin Bahaushe ne in an tambaye shi jikin mara lafiya ya ce "da sauƙi", ko da kuwa ciwon ƙaruwa yake yi. Yaron barga ba ya barin wannan ladabi don an tambaye shi doki. In maigida ya ce, "Yaya ƙafar akawal?" amsar ita ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Likitan da ya san aikinsa ba ya yin wannan tambaya. Cewa yake yi a kwance dokin a zaga da shi.

Inda ciwon yake zama

Doki yana ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, waɗanda masu dawaki sukan kira hannuwa. Wannan suna ya fi dacewa da ƙirar jikin dabbar fiye da yadda ake zato, gama abin da ake kira gwiwar gaba ta doki daidai take da wuyan hannun mutum, kofato kuwa farcen yatsa ɗaya ne tak wanda ya girma ya ɗauki dabbar duka. Saboda wannan nauyi, ɗingishi ya fi yawa a gaba, kuma ya fi yawa daga gwiwa zuwa ƙasa, musamman a cikin kofato. Mutane da yawa sukan dage a kan kafaɗa, su yi ta shafa mata man zafi wata da watanni, alhali kuwa ciwon yana can ƙasa.

Hanyar gane ƙafar da ke ciwo tsohuwa ce, kuma ba ta bukatar na'ura. A sa yaro ya ja dokin da ragama sake-sake, ya yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, a tsaya a gabansa a dubi kai. In ƙafar gaba mai ciwo ta taɓa ƙasa sai kan ya ɗaga sama, domin dokin yana rage mata nauyi. In mai lafiya ta taka sai kan ya sauko. Wanda bai saba ba yakan ɗauki ƙafar da kan ya sauko a kanta ita ce mai ciwo, ya yi ta jinyar lafiyayyar ƙafa. Na ƙafar baya kuwa a ƙugu ake ganinsa, daga baya ake tsayawa, ɓangaren da ke ciwo ya fi hawa da sauka. Likitoci suna auna tsananin abin daga 0 zuwa 5, inda 5 take nufin dokin ba ya ko ɗosana ƙafar. Bayan wannan sukan yi allurar kashe zafi daga ƙasa zuwa sama, mataki mataki, har a kai wurin da in an kashe shi ɗingishin ya ɗauke. Daga nan sai hoton ƙashi, ko na'urar duba jijiya da sauti, wadda aka fara amfani da ita ga dawaki tun farkon shekarun 1980.

Ƙasar Kaduna da yanayinta suna da hannu a cikin al'amarin. Damina takan kama daga wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba. Dokin da ke ɗaure a turke ɗaya cikin laka da fitsari, tafin kofatonsa yakan yi laushi ya fara ruɓa yana wari, tsakuwa ko ƙusa ta sami hanyar shiga, mugunya ta taru a ciki. Irin wannan ɗingishi yana zuwa farat ɗaya, yana da ban tsoro ƙwarai, amma shi ne mafi saurin tafiya da zarar an buɗe wurin mugunyar ta fita, an kuma yi allurar rigakafin tetanas. Da hunturu ya shigo sai al'amari ya juya. Kofato ya bushe ya tsage, jar ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, kowane taku ya riƙa bugun gaɓoɓi. Har ila yau akwai rauni da tangaɗin da sammore yake sa wa doki, wanda tsando yake yaɗawa. Wannan ba ɗingishi ba ne, cuta ce ta jini, kuma cibiyar binciken ciwon da aka buɗe a Kaduna a 1951 tana nan a Unguwar Rimi. Dokin da ya rame, ya yi fari a ido, yana jan ƙafafun baya, jininsa ya kamata a duba kafin ƙafarsa.

Ciwo uku na tsohon doki

Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30 in ya sami kulawa, kuma daga wajen shekara 15 ake fara lissafa shi cikin manya. Ɗingishin da yake daɗewa a irin wannan doki yakan fito ne daga ɗayan wurare uku.

Na fari shi ne jijiyar da ke bayan ƙwauri, tsakanin gwiwa da gaɓar da ke sama da kofato. Ita ce take miƙewa ta dawo kamar tsirkiyar baka a kowane tsalle. Ƙwallon dawaki kuwa wasa ne na gudu da tsayawa da juyawa nan take, a zagaye na minti 7, haka kuma zamiyar da mahayi yake yi a gaban sarki ranar hawa. In zaren jijiyar ya tsattsinke sai bayan ƙwaurin ya kumbura ya yi zafi. Abin da yake yaudarar mutane shi ne, cikin 'yan makonni kumburin yakan faɗa, ɗingishin ya ragu ko ya ɓace, alhali jijiyar ba ta haɗe ba. Jijiya ba ta da wadatar jini, tana bukatar wata 9 zuwa 12, wani lokaci fiye, kuma tabon da take yi bai kai zaren asali miƙewa ba. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. An ga sauƙi, an ɗauka warkewa ce, gasa ta matso, sai a ɗaura sirdi. Jijiyar ta sake tsinkewa kusa da tabon, a huta kaɗan, a sake hawa. Bayan shekara biyu ana wannan kai-komo sai a ce doki ya gurgunce. Gaskiyar magana kuwa ba a taɓa ba shi hutu cikakke ko sau ɗaya ba.

Na biyu shi ne amosanin gaɓoɓi, watau guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, sabon ƙashi ya tsiro a gefe. Alamarsa ita ce dokin yakan fito barga da safe a sandare, musamman da sanyin Disamba da Janairu, in ya yi 'yar tafiya ya sake. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Amma a nan akwai wani abin mamaki wanda ya kamata malamai su sani. A gwiwar ƙafar baya akwai ƙananan gaɓoɓi na ƙasa waɗanda motsinsu kaɗan ne ƙwarai. In amosani ya kama su, a wasu dawakin ƙasusuwan sukan ci gaba da haɗewa har su zama ɗaya, kuma da zarar sun haɗe babu sauran gogayya, zafin ya ragu ƙwarai ko ya tafi. Wannan yakan ɗauki watanni da yawa ko shekaru, kuma ba kowane doki yake kai wa ga haka ba. Saboda haka in aka ji labarin tsohon doki wanda ya yi shekara biyu yana ɗingishi sa'an nan ya miƙe, kada a yi saurin ƙaryatawa, kada kuma a yi saurin ba maganin ƙarshe da aka shafa masa lada. Mai yiwuwa ne gaɓar ce ta gama abin da ta fara.

Na uku shi ne mafi haɗari, a nan za a kira shi zafin kofato. Ƙashin ƙarshe na ƙafa yana rataye ne a cikin kofato ta wasu siraran faifai masu shiga juna. In suka kumbura sai riƙon ya sassauta, ƙashin ya juya ko ya nutsa zuwa tafi. Dokin yakan tsaya ya miƙe hannuwansa gaba, ya koma da nauyinsa baya, kofaton ya yi zafi, jijiyar jini ta bayan ƙafa ta riƙa bugawa da ƙarfi. Abin da ya fi kawo shi shi ne yawan hatsi da ƙiba. Ga kuwa al'ada ta ɗauki ƙibar doki ita ce shaidar girman mai shi, ana ɗura masa gero da dawa da dusa yana tsaye a turke ba aikin fari ba na baƙi, sai daga salla zuwa salla. Ga tsofaffi kuma akwai wata cuta ta ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda alamarta gashi mai tsawo ne da ba ya zuba, da yawan shan ruwa, da zubewar naman baya. Tana jawo zafin kofato a kai a kai, ana gano ta da gwajin jini, kuma tana da magani na kullum. Yadda wannan ciwo yake da wuya ana iya ganinsa a labarin Barbaro, dokin sukuwa na Amurka, wanda ya karye a ƙafar baya ta dama a watan Mayu 2006. An ɗora karayar da ƙwarewar da ta fi kowace a lokacin, amma ƙafar hagu da ta ɗauki nauyin ta kamu da zafin kofato, har aka hutar da shi a Janairu 2007. Ƙafa mai lafiya ma tana bukatar jinya.

Yadda murmurewa take tafiya

A ƙaddara wani doki ɗan shekara 16 a wata barga kusa da filin ƙwallo, wanda ya yi shekara ɗaya da rabi yana ɗingishi a hannun dama, aka duba aka tarar tsohon ciwon jijiya ne, ga kuma kofaton da ya yi tsawo a gaba ya kwanta a dunduniya. Aikin farko ba na allura ba ne, na wuƙar gyaran kofato ne. Kofato mai dogon baki yana jinkirta ɗagawar ƙafa daga ƙasa, yana ƙara wa jijiyar ja a kowane taku. Ana rage shi kaɗan kaɗan, kowane mako 6 zuwa 8, ba a lokaci ɗaya ba. Kofato kuwa yana tsirowa ne daga inda gashi ya ƙare, wajen milimita 6 zuwa 10 a wata, watau sai an yi wata 9 zuwa 12 kafin sabo ya sauko har ƙasa. Wannan lissafi ba ya karɓar roƙo. Wanda ya ga tsaga ko zobe a saman kofato yau, ya san zai zauna da shi har baɗi war haka.

Sa'an nan sai wurin kwana. A fitar da dokin daga turken da ya yi rami, a ba shi ɗaki busasshe mai yashi ko ƙaiƙayi, inda zai iya juyawa ya kwanta. Dabaibayi ba na irin wannan doki ba ne. A rage hatsi ƙwarai, a ƙara ciyawa da harawa, domin kowane abin da ya ƙaru a jikinsa ƙafar ce za ta ɗauka. A duba haƙora, gama tsohon doki haƙoransa sukan yi kaifi a gefe su yanke kunci, ya kasa tauna, ya rame, a ɗora laifin a kan tsufa.

Babban abin kuwa shi ne kilisa, amma a hannu, ba a kan sirdi ba. A da an ɗauka hutu shi ne a ɗaure doki kada ya motsa. Yanzu an gane jijiyar da take haɗewa tana jera zarenta ne bisa ga yadda ake jan ta, in ba a ja ta ba sam sai tabon ya zama curi mara ƙarfi. Saboda haka akan fara da tafiya ta minti 5 ko 10 safe da yamma a wuri shimfiɗaɗɗe, a riƙa ƙarawa mako mako har ta kai wajen minti 40. Ba a shiga sassarfa sai bayan wasu watanni, kuma sai hoto ya nuna zaren ya fara jeruwa. Sukuwa kuwa sai can wajen ƙarshen shekara. In zafi ko kumburi ya dawo, a koma matakin baya. Aikin ba wuya gare shi ba, tsawo gare shi, kuma duk yana wuyan yaron barga, wanda shi ne ba a cika ambata ba in doki ya tashi.

Akwai abu biyu da suke ɓata wannan aiki. Ɗaya shi ne maganin kashe zafi, wanda ake samu cikin sauƙi a kasuwa. Yana da amfani in likita ya ƙayyade shi na 'yan kwanaki, ko don sauƙaƙa wa mai amosani. Amma in aka ba doki don ya buga wasa, an toshe bakin mai gargaɗi ke nan, ga shi kuma yawansa yana cin ciki da ƙoda. Ɗayan shi ne lalas, watau ƙona fatar ƙwauri da jan ƙarfe. Wannan ba al'adar Hausa kaɗai ba ce, Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Binciken da aka buga a Ingila a 1983 bai sami shaidar cewa ƙunar tana taimakon jijiya ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, dokin da aka yi wa lalas ba ya hawuwa sai bayan watanni, hutun dole da ya samu shi ne maganin. Masu lalas na dā sun ga sakamako na gaske, dalilinsa ne suka ɗora a inda ba nan ba.

Labarin da ya fi kowanne shahara a wannan fanni shi ne na Red Rum. An haife shi a 1965. Lokacin da mai horarwa Ginger McCain ya saye shi a 1972 yana fama da ciwon ƙashin cikin kofato, ya kuwa nuna ɗingishi tun farkon zuwansa. McCain yana horar da dawakinsa ne a kan rairayin bakin teku a Southport, cikin ruwan gishiri mai sanyi. A can ɗingishin ya ɗauke, dokin ya ci babbar sukuwar tsallake shinge ta Ingila a 1973 da 1974, ya zo na biyu a 1975 da 1976, ya sake ci a 1977 yana da shekara 12, ya rayu har 1995. Ana yawan ba ruwan teku lada, amma doki ɗaya ba ya zama hujja. Abin da za a iya ɗauka shi ne ƙasa mai laushi daidai wa daida, da sanyaya ƙafa, da aiki na kullum. Rairayin bakin kogin Kaduna da rani yana da irin wannan amfani in damshi ya danne shi, amma yashi mai zurfi wanda ƙafa take nutsewa a ciki ƙara wa jijiya ja yake yi, ba ya dacewa da dokin da ke jinyarta.

Ba kowane doki yake tashi ba. Wanda ƙashinsa ya huda tafi, ko wanda ya fi kwanciya a kan tsayuwa duk da magani, barinsa a haka ba tausayi ba ne, kuma shawarar likita ce ta kamata a bi. Wanda ya tashi kuwa, da wuya ya koma babbar gasa. Sai dai a barga akwai aikin da ƙuruciya ba ta iyawa. Tsohon dokin ƙwallo ya san sanda, ya san ƙwallo, ba ya firgita da ganga ko algaita ko ƙarar bindiga, shi ake ɗora wa yaro mai koyon hawa, shi ake ba dattijo ranar hawa inda taƙama ake bukata ba sukuwa ba. Irin wannan doki yakan yi shekaru yana wannan aiki, muddin ana gyara masa kofato a kan kari, kuma kowace safiya kafin a ba shi abinci wani ya sunkuya ya shafa ƙafafun nan huɗu daga gwiwa zuwa kofato, ya gwada zafin ta dama da ta hagu.